Hutun Safiyatu

Idan ka ji Alhaji Mika'ilu yana ba da labarin yadda yake kula da ƙanwarsa, sai ka ji kamar ka tashi ka nemo masa lambar yabo. A zaure yake faɗa, a ƙofar masallaci yake faɗa, a ofis ma na ji an ce sun haddace. "Mu ba jahilai ba ne," in ji shi. "Ba mu ɗaure ta ba, ba mu kai ta gidan mari ba, ba mu bar ta tana yawo a titi ba. Asibiti muka kai ta, a mota." Wannan motar dai ba ya taɓa mantawa da ita.

Ni sunana Hafsat. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a unguwar Kusfa, kuma a hannun ƙanwar tasa, Yaya Safiyatu, na koyi ɗinkin babbar riga. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, da idona na gani. Gaskiya ne ba su ɗaure ta ba. Abin da suka yi mata, su hutu suke kiransa.

Ciwon nata likitoci suna ce masa sikizofiriniya. Ita kuwa "masu surutu" take cewa, domin muryoyi take ji waɗanda babu mai jin su sai ita, suna zaginta, suna ce mata ba ta da amfanin komai a duniya. Ta yi wata biyu a asibiti. Ranar da za a sallame ta ni na raka Iya, mahaifiyarsu, Alhaji kuma ya tuƙa mu.

Wata nas ce ta zaunar da mu a ɗan ofishinta, Sista Rifkatu, 'yar Wusasa, mace mai jiki mai fara'a. Tun kafin ta buɗe fayil Iya ta fara jero mata.

"Ba ta iya barci sosai, 'yar nan. Ba ta iya zama cikin mutane. Ba ta iya girki yanzu, sai ta bar tukunya ta ƙone. Ba ta iya..."

"Na ji, Mama," in ji Sista. "Duk wannan yana cikin fayil. To me ta iya?"

Iya ta tsaya tana kallonta, kamar an yi mata tambaya da Turanci. Shekara talatin da takwas tana tare da 'yarta, amma aka rasa amsa a bakinta. Sista ta juya wajen mai ciwon.

"Safiyatu, ke nake tambaya. Me kika iya?"

"Ɗinki," ta ce a hankali, kanta a ƙasa.

"Wane iri?"

"Babbar riga. Aska takwas nake yi, da aska biyu."

Sista ta ajiye biro ta gyara zama. Ta tambaye ta kwana nawa riga take ci, da wane zare, ta ina ake farawa. Wallahi a cikin minti goma na ji maganar Yaya Safiyatu fiye da wadda na ji a wata shida. Har hannu take ɗagawa tana nuna yadda askar, wato zanen adon, take sauka daga wuya zuwa aljihu.

"To ga maganinki na biyu," in ji Sista. "Ƙwayar nan za ta rage musu murya, kada ki yi wasa da ita. Amma idan kika zauna haka kawai, su za su samu fili. Ki koma kan ɗinkinki. Idan suka zo, ki ce musu kina aiki, su jira ki gama layi." Sannan ta dubi Alhaji. "Alhaji, abu biyu nake roƙo. Kada a raba ta da ɗinkinta. Kuma ranar karɓar magani a zo da ita, daga bakinta nake so in ji yadda take."

"In sha Allahu," in ji Alhaji, idonsa a kan waya.

Wata biyar da suka biyo baya, ka rantse ba ita ba ce. Da an gama karin kumallo za ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ɗauko aikinta. Ni ma in zagayo da nawa mu zauna. Masu surutun ba su tafi ba, ban ce sun tafi ba. Wani lokaci za ka ga ta ɗan tsaya, ta karkata kai, ta ce, "Ku jira in gama layi." Sai ta ci gaba. In ta gama layin ta fara wani, su yi ta jira har azahar. Ta koma yin kitso, ta koma dariya, har tsiya take yi mini cewa ɗinkina kamar sawun kaza a cikin taɓo.

Rigar da take yi kuwa ta yayanta ce. An sa ranar auren Fa'iza, babbar 'yar Alhaji, sai ta ce ita ba ta da abin da za ta ba yarinyar da ya wuce ta ga ubanta ya fita ɗaurin aure cikin ɗinkin gwaggonta. Farar shadda ce, aska takwas, da zaren tsamiya. Malam Bahago na Tukur-Tukur, tsohon da ke zana mana riguna kafin mu ɗinka, shi ya zana ta da hannunsa, ana saura kwana kaɗan ɗansa ya ɗauke shi zuwa Kaduna aikin ido. Malam Bahago yakan ce ko cikin riga ɗari zai fitar da hannun Safiyatu, domin bayan ɗinkinta da gabansa tsafta ɗaya suke. Kuma duk wadda ta taɓa karɓar aiki a zaurensa ta san ƙa'idarsa: hannun da ya fara riga shi ke gama ta. Ba a miƙa wa wani sai idan mai ita ta rasu.

Ranar da abin ya lalace, gwaggwannin ango ne suka zo gaishe da Iya, su uku, kowace da mayafi mai walƙiya da idon bincike. Suka tarar da mu a gindin darbejiya. Yaya Safiyatu ta gaishe su da kyau, har ɗaya ta ɗaga gefen rigar tana cewa tubarkalla. Can ana cikin hira, sai ta karkata kai ta ce, "Ku jira in gama layi."

Matan suka dubi juna. Ɗaya ta ce, "Da mu take?"

"A'a, Hajiya, ba da ku nake ba," in ji Yaya Safiyatu, ta ci gaba da ɗinkinta.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Ba ta zagi kowa ba, ba ta jefi kowa ba, ba ta yar da zane ba. Amma da Alhaji ya dawo bayan la'asar Iya ta gaya masa, sai ya haɗe girar sama da ta ƙasa, ya tsaya a kanmu yana huci kamar wanda aka taka wa sabon takalmi.

"Safiya, kawo wannan kayan."

"Yaya, saura aska biyu da rabi da bayan rigar."

"Na ce ki kawo. Aikin nan shi ke gajiyar miki da ƙwaƙwalwa. Mutum ya wuni yana zuba ido a kan zare, ina kai zai huta? Sitires ne. Daga yau hutawa za ki yi."

"Sista ta ce..."

"Sista nas ce, ba likita ba ce. Kuma ba ita ke da 'ya a bakin aure ba."

A nan ya faɗi gaskiya, bai sani ba. Ya naɗe rigar, ya kwashe allurai da zare da ɗan almakashinta, har da kwandon, ya kai ɗakinsa ya kulle a durowa. Da ya fito sai ya sassauta murya, domin Alhaji mutum ne mai son a gan shi da tausayi. "Don ke nake yi, Safiya. Me kika rasa a gidan nan? Ki ci, ki sha, ki kwanta. Mata nawa ne suke neman irin wannan gata?"

Gata kuwa ya zo mata ta ko'ina. Aka hana ta girki, saboda wuta da wuƙa. Aka hana ta shara, kada ta gaji. Aka hana ta tsince shinkafa, wai kallon ƙananan abubuwa yana tayar da ciwon. Aka hana ta zuwa Islamiyya ta matan aure, kada hayaniya ta dame ta. Daga ƙarshe aka kwashe kayanta daga ɗakin da ke kallon tsakar gida aka mayar da ita na can ƙurya, bayan ɗakin ajiya, wai ya fi shiru. Alhaji ya sa mata fanka sabuwa, kuma babu wanda bai ji labarin fankar nan ba a Kusfa.

Sati na farko takan fito ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon Iya tana daka.

"Iya, kawo in taya ki."

"A'a, koma ki huta."

"Iya, ko ruwa in ɗebo?"

"Yayanki ya ce ki huta."

Sati na uku ta daina tambaya. Na shiga na same ta zaune a bakin katifa, kanta ba kitso, fanka tana ta juyi a kanta.

"Hafsat, sun daina jira," ta ce mini. "In na ce su jira in gama layi, sai su yi dariya su ce wane layi."

Na samu Iya a madafa na ce, "Iya, don Allah ki yi wa Alhaji magana. Kin ga yadda take da, kin ga yadda ta koma."

Iya ta ci gaba da tuƙa tuwonta. "Ni me zan ce, Hafsatu? Shi ne babba, shi ya yi boko, shi ya san kan ciwon. Kuma ai ba dukanta yake yi ba. Ki je gidan su wance ki ga nasu, da sarƙa a ƙafa. Mu dai mu samu a yi bikin nan lafiya tukuna."

Haka gidan yake. Kullum akwai gidan su wance da za a nuna, kuma kullum akwai tukuna.

A wata na biyu ta fara wani abu da hannunta. Za ta zauna ta shimfiɗa tafin hagu a kan cinya, ta haɗa babban yatsa da manuni na dama, ta soka, ta ja sama, ta soka, ta ja sama. Jifa-jifa ta kai hannun baki ta ciza iska. Leɓenta yana motsi. Kallo ɗaya na yi mata na gane, kuma duk macen da ta taɓa riƙe allura a birnin nan za ta gane.

"Yaya, ina kika kai?"

"Ina tsakiyar aska ta shida," ta ce, fuskarta ta ɗan washe. "Kada ki katse mini lissafi. In ina yi suna ragewa."

Babu zare, babu yadi, amma matar nan ta nemo wa kanta hanyar da za ta riƙe kanta. Ni abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni sha'awa. Alhaji kuwa da ya leƙo ya gani, sai ya yi salati da ƙarfi don kowa ya ji.

"Kun gani ko? Ciwo ya dawo. Ga ta tana kama abin da babu, tana cin iska."

Na ce, "Alhaji, ɗinki take yi. Rigarka take ƙarasawa a ka."

"Ɗinki ba zare? To in ba hauka ba, me ake kiran wannan?"

Mutumin da a gidan ɗinki aka haife shi, da allurar uwarsa aka yi masa kayan makaranta, yau shi ne bai san motsin hannun mai ɗinki ba. Ko kuwa ya sani, saninsa ne ba shi da amfani a gare shi.

Da ciwon ya dawo kamar yadda yake faɗa, ai asibiti ya kamata a koma da ita. Amma tun ranar da gwaggwannin ango suka zo, Alhaji shi kaɗai yake zuwa karɓar magani da katinta, kada wani ya hango su tare a layin masu ciwon ƙwaƙwalwa ya kai labari. Da bakinsa yake ba Iya labari yana dariya, wai nas ɗin nan ta cika naci, kullum sai ta ce ina Safiyatu, ya ɗinki. Shi kuma ya ce mata tana gaishe ki, tana can tana ta fama. Maimakon asibiti, sai ya biya wajen wani abokinsa mai kyamis, suka yanke hukunci a tsaye. Ƙwaya ɗaya ta koma biyu. Da hannun bai daina motsi ba, ta koma uku.

Ban iya jurewa ba. Wata ranar Talata na ƙulle allura ɗaya da zare da ƙyallen shadda a bakin zanena na kai mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɓoye a ƙarƙashin katifa. Kwana uku tana yi a ɓoye. A rana ta biyu ta ce in yi mata kitso. A rana ta uku na ji ta ta katanga tana yi wa Fa'iza tsiya a kan ango. A rana ta huɗu Iya ta ɗaga katifa za ta shanya, ta gani. Kuma uwar nan da ta haife ta, ta ɗauki allurar ta ajiye wa Alhaji a kan faifai tare da abincinsa.

A zaure ya tare ni.

"Hafsatu, ke likita ce?"

"A'a, Alhaji."

"In ta tsone idonta da wannan, ke za ki amsa? In ta haɗiye fa? Kin san riskin nan, haɗarin da kika jefa mu?"

"Alhaji, shekara talatin tana riƙe allura, ko a lokacin da ciwon ya fi tsanani ba ta taɓa..."

"Maƙwabtaka ce ta sa nake raga miki. Daga yau ki tsaya a gidanku, har sai an gama biki."

Na tsaya a gidanmu. Wannan ma sai in faɗa, tunda na ce zan faɗi gaskiya. Na san hanyar asibiti, na san ofishin Sista Rifkatu, keke napep ɗaya zai kai ni. Amma na ji tsoron a ce Hafsat ta shiga sha'anin gidan mutane, ta tona musu asiri ana gab da biki. Na zauna ina ɗinkina a bayan katanga, da hannun da ita ta koya wa aiki, ina jin shirun ɗakinta. Ni ma ina da nawa tukuna ɗin.

Wata biyu ban sa ta a ido ba. Ana saura sati uku ɗaurin aure Fa'iza ta shigo gidanmu idonta jawur.

"Anti Hafsat, ki zo. Na yi ta kuka har Abba ya yarda zai ba Gwaggo rigar ta ƙarasa. Na ce ke za ki taya ta zama."

Na yafa mayafi na bi ta. An shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya kamar da. Alhaji yana zaune a kan kujera, rigar a cinyarsa, yana ta wani cika yana batsewa kamar mai rabon zakka. Iya ta shiga ta fito da ita.

Ban gane ta ba da farko. Tafiya take yi tana jan ƙafa, hannuwanta a sandare a gefe, wuyanta a ƙage. Ta kumbura. Fuskarta babu komai a cikinta, yawu yana taruwa a gefen bakinta, Iya tana goge mata da bakin zane. Aka zaunar da ita.

"To, Safiya," in ji Alhaji, "an ce na hana ki, an ce na zalunce ki. Ga rigar nan, ga kayanki. Bismilla."

Ya ɗora mata a cinya. Ta daɗe tana kallon farar shaddar. Sannan ta sa tafin hannu ta shafa askar da ta tsaya a kai, ta ɗago ta dube shi.

"Yaya, an yarda in taɓa?"

"Ba ga shi na ba ki ba?"

Ta ɗauki allura da hagu, zare da dama. Hannuwan suna rawa kamar na tsohuwa mai shekara casa'in. Ta kai zaren, ya wuce. Ta lasa bakinsa ta sake kaiwa, ya wuce. Na ce, "Yaya, kawo in zura miki." Na zura na miƙa mata. Ta soka a inda ta nufa, allurar ta fito a wani wurin daban, nesa da zanen Malam Bahago. Ta zare ta sake. A karo na uku ta soki yatsanta, jini ya ɗiga a gefen aljihun. Ta saki allurar, ta zauna tana kallon ɗigon. Ba ta yi kuka ba. Fa'iza ce ta yi.

Alhaji ya miƙe ya karɓe rigarsa, yana kaɗa kai da irin fuskar mutumin da gaskiyarsa ta fito.

"Kun gani da idonku. Tun farko na ce ba za ta iya ba, aka ɗauke ni mugu. Iya, mayar da ita ta huta."

Na so in ce masa wata bakwai da suka wuce hannun nan ne ya yi wannan aljihun da yake riƙe da shi. Na so in tambaye shi wa ya mayar da ƙwaya ɗaya uku. Ya juyo gare ni ya ce ko ni zan ƙarasa masa, tunda almajirarta ce. Nan kaɗai na iya buɗe baki na ce a'a, mai ita tana raye. Ya ce ba komai, zamani ya wuce wannan. Ya kai ta Tudun Wada wajen masu ɗinkin inji, kwana biyu suka cike masa aska biyu da rabi da bayan rigar da zare mai ƙyalli.

Aka ɗaura aure ranar Asabar. Alhaji ya sha rigarsa, ya sha gaisuwa, baki har kunne. A cikin gida mata suka cika ko'ina, an ja labule a lungun da ke zuwa ɗakin ƙurya, an jingina buhunan shinkafa a gabansa. Duk wadda ta tambayi Safiyatu sai Iya ta ce tana hutawa.

Ranar Litinin da hantsi ina gidan ina taya su wanke tukwanen biki, sai muka ji sallama. Baba Talatu ce, matar Malam Bahago, tsohuwa mai sanda. Iya ta shimfiɗa mata tabarma. Alhaji yana shirin fita ofis, ya tsaya su gaisa. Baba Talatu ba ta ce ina gajiyar biki ba. Ta zauna ta ɗaga hannu biyu.

"Iya, ashe abin da ya faru ke nan. Ya haƙuri? Wallahi ba mu ji ba, muna Kaduna wajen idon Malam, sai makon jiya muka dawo."

Iya ta yi sororo. "Haƙurin me, Talatu?"

"Na Safiyatu mana. Malam ya je ɗaurin aure, da suka gaisa da Alhaji sai ya kama rigar ya duba, kin san yanzu idon ya buɗe. Ya ce wannan zanensa ne, wannan hannun Safiyatu ne, ya bi shi da yatsa har tsakiyar aska ta shida, ya ga inda ya tsaya inji ya ɗauka. Ya ce Safiyatu ba za ta bar riga a hanya ba tana numfashi. Nan take ya yi wa Alhaji ta'aziyya, ya ce Allah ya jiƙanta. Alhaji ya ce amin. Malam ya dawo gida ko abinci bai ci ba. Shi ne ya ce in zo in yi muku gaisuwa."

Iya ta dubi ɗanta. Ni ma na dube shi, hannuna cikin ruwan kumfa. Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya yi gyaran murya.

"To ai cikin mutane ne, ga dangin ango a tsaye. In tsaya ina yi masa bayanin me? Kuma addu'ar rahama ai ba ta mamaci kaɗai ba ce, mai rai ma yana buƙata." Ya duba agogo. "Na makara."

Ya fita. Iya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma. Baba Talatu tana ta kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗauraye hannuna, na ture buhun shinkafa, na ɗaga labulen. Tagar ɗakin ƙurya a buɗe take, kuma muryar Baba Talatu ba ƙarama ba ce. Yaya Safiyatu tana zaune a bakin katifa, fanka tana juyi. Hannuwanta biyu suna kwance a cinya, ba ta soka komai, ba ta jan komai.

"Yaya," na ce, "kin ji?"

"Na ji." Maganar tana fita da ƙyar, harshenta ya yi nauyi. "Malam ya gane hannun?"

"Ya gane. Ya ce naki ne."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Su ma masu surutun haka suke ta faɗa mini, wai na daɗe da mutuwa. Ina ta musu da su. Yanzu kuma Yaya ya ce amin."

Na durƙusa na kama hannuwan nan, na ce tashi ki sa mayafi. Ta ce ina za mu. Na ce wajen Sista, yau, yanzu. Na fito da ita tsakar gida tana jan ƙafa a gaban Baba Talatu, tsohuwar ta saki sandarta tana salati. Iya ta miƙe da sauri ta tare mu a bakin zaure, ta buɗe hannuwa.

"Hafsatu, ina za ki kai ta da rana tsaka, unguwa cike da baƙi? Ki bari yayanta ya dawo tukuna."

"Iya, matsa," na ce. "Yayanta ya riga ya karɓi gaisuwarta."